Yara Talatin da Ɗaya da Ba Su Dawo Ba

Korotimi ta ajiye ledar acheke, wato dambun rogo, da kifin da ta sayo, ba ta ko kwance ta ba. Allon kwamfutar da ke gabanta ya yi jajawur, kamar an shanya barkono a kansa. Wata bakwai ke nan da mujallar ƙungiyar likitoci ta fara aiki da manhajar tantance maƙalu, ba ta taɓa ganin jan layi mai yawan haka a rubutu guda ba.

Duk maƙalar da aka aiko, kafin ta je hannun masana, manhajar ake fara miƙa wa. Ta sake lissafin da marubuta suka ce sun yi, ta gwada hotuna da juna, ta duba ko an haɗo da ainihin bayanan da aka tattaro daga fili. Ba ta san farfesa ba, ba ta san ɗalibi ba, ba ta jin gaisuwa. Shi ya sa 'yan ofishin suka laƙaba mata suna Kwastan.

Yau Kwastan babbar mota ta tare. Maƙalar a kan wani ruwan magani ce da aka haɗa da ganyaye da saiwoyi, an ce an gwada shi a kan yara ɗari biyu masu zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan da ke kudu da birnin Bobo, ɗari da casa'in da shida suka warke. Manhajar ta nuna cewa hoton jinin da ke shafi na shida shi ne na shafi na tara, kifar da shi kawai aka yi. Ta nuna yara talatin da ɗaya da zafin jikinsu a rana ta bakwai ya zo daidai sak, ko ɗigo bai bambanta ba. Rajistar asibiti kuwa ba a haɗo da ita ba.

Korotimi ta koma shafin farko, ko da yake ta san abin da za ta gani. Farfesa Millogo ne a gaba. Mai bi masa, Lassina Barro, mijinta.

“Ke baiwata, yau azumi kike yi ne, ko burkutun jiya ne bai sake ki ba?”

Dokta Boly ne, editan mujallar, dogon Bafulatani mai furfura, wanda tun ranar da ya ji ita 'yar ƙabilar Bobo ce, abokan wasan Fulani, bai sake kiranta da sunanta ba. A kullum takan rama, ta tambaye shi wa ya bar wa shanun ya shigo birni. Yau ta juyo masa allon kawai.

Ya sanya tabarau ya karanta. Murmushin ya janye daga fuskarsa a hankali.

“Dokta, maigidana ne na biyu a jerin marubutan,” ta ce. “Bai kamata aikin nan ya zauna a hannuna ba.”

“Ya fita daga hannunki tun yanzu.” Ya cire tabaran yana murza ido. “Rahoton zai tafi ga marubutan kamar na kowa, su kawo rajista cikin mako uku. Amma kin san wa muka taɓo? Mutumin nan yana cikin waɗanda suka kafa mujallar nan. Ni kaina shi ya sa hannu a takardar digirina.”

“Na sani.”

“To ci abincinki. Wannan faɗan ba da yunwa ake shigarsa ba.”

* * *

Sai da ta bari rahoton ya isa gare su, sannan ta yi magana. Ranar Asabar da hantsi, surukarta ta tafi kasuwa da ƙaramar 'yarsu Jeneba, gidan ya rage su biyu. Lassina yana tsugunne ƙarƙashin mangwaro yana wanke babur ɗin da tun jiya yake a wanke.

“Baban Jeneba, ka ga saƙon mujalla?”

“Na gani.”

“Yara talatin da ɗayan nan, wa ya auna su?”

Ya ci gaba da goge ƙafar babur, ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Shekara tara da aurensu, ta san shirunsa kala-kala. Wannan irin wanda yake yi ne in yana neman inda zai ajiye kaya mai nauyi.

“Ba wanda ya auna su,” ya ce. “Ba su dawo ba, Koro. An ba su magani, aka ce a dawo da su rana ta bakwai. Damina ce, gada ta karye, wasu iyayen suna gona. Na je na faɗa wa Farfesa, na ce a ba ni mai da mako biyu in bi su gida-gida. Ya yi dariya. Ya ce, ‘Ɗana, ka taɓa ganin mai lafiya ya koma asibiti? Wanda bai dawo ba ya warke. Cike gurbin.’”

“Ka cike.”

“Na cike.”

Ta zauna a kan turmin da ke kife. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta tuna ranakun da yake dawowa daga ƙauyukan nan jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, yana ba ta labarin yaran da sunayensu. Ba malalaci ba ne, ba kuma maƙaryaci ba. Ko canjin mai shago aka ƙara masa bisa kuskure sai ya koma ya mayar.

“Hoton fa?”

“Gilashin jinin ya fashe. Ya ce a sa wani, ai jini jini ne.” Ya jefa tsumman cikin bokiti. “Kina gani kamar ni kaɗai ne? Je ki sashenmu ki tambaya. Shekara shida ina ƙaramin malami. Ba maƙala, ba ƙarin girma. Ba sa hannun Farfesa, ba maƙala. Wa kika taɓa ji ya ce masa a'a ya kwana da aikinsa? Kowa haka yake yi, sai dai da can babu Kwastan ɗinku.”

“Da a ce lissafin tsayin bishiyoyi ne, wallahi sai in kama bakina, mu ji kunyarmu a cikin gida. Amma wannan magani ne. In aka buga, kamfani zai ɗura shi a kwalba, a rubuta a jiki cewa masana sun tabbatar. Uwa za ta ajiye na asibiti ta ɗauki wannan don ya fi araha. Ka san inda yaran nan suke? Ko ɗaya daga ciki?”

Wani nunannen mangwaro ya faɗo tsakaninsu ya fashe, ƙudaje suka taru a kansa, ba wanda ya motsa.

* * *

Farfesa Millogo bai aiko da rajista ba. Da kansa ya zo, ranar Laraba, cikin riga ta saƙin gida fara ƙal, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya gaisa da kowa har masinja, ya tambayi Dokta Boly ciwon gwiwarsa, sannan ya ja kujera ya zauna a gaban teburin Korotimi kamar mai neman alfarma.

“Ɗiyata, ina jikata? Har yanzu tana gudun allura?”

“Lafiyarta lau, ranka ya daɗe.”

“Madalla. To ina wannan aljanar taku da ta ce ni ɓarawo ne?”

“Ba ta ce haka ba, Farfesa. Tambaya ta yi. In an kawo rajista, magana ta ƙare. Kuma ni an ɗauke aikin daga hannuna, wajen Dokta yake.”

“Na sani. Amma ke ce kika san hanjinta.” Ya sassauta murya. “Shekara talatin ina faɗa da sauro a ƙasar nan. Kakanninmu da ganyen nan suka rayu. Yanzu mun tashi mu nuna wa duniya muna da namu, sai wata na'ura da aka ƙera a ƙasar da ko sauro babu ta ce ƙarya muke. Ke ba ki ga raini a nan ba? Su ba sa so mu tsaya da ƙafarmu.”

Maganar ta taɓa ta, domin ita ma ta sha ganin yadda ake yamutsa fuska in an ga adireshin Afirka a kan maƙala.

“Ranka ya daɗe, mai yiwuwa maganin yana aiki. Ina fatan haka, har zuciyata. Amma ko da ƙwarya da tsakuwa aka ƙirga, yaron da ba a auna ba ba a auna shi ba. Kakata ma in ta ba yaro jiƙo, washegari sai ta leƙa ta ga yadda ya kwana.”

Dokta Boly ya yi tari a can teburinsa, ya ɓoye fuska a bayan takarda.

Farfesa ya yi murmushi, ya miƙe yana gyara hannun riga. “Bakinki da kaifi, kamar na uwarki, Allah ya jiƙanta. A bana fayil ɗin mijinki zai je gaban kwamitin ƙarin girma. Yaro ne mai hazaƙa, ba na so ya tsufa a ƙofa. Ki gaishe shi.”

Farfesa ya fita. Dokta Boly ya daɗe yana kallon ƙofar.

“Jiya mutum huɗu suka kira ni,” ya ce. “Ɗaya ya ce a kashe manhajar na wata guda, wai a gyara ta. Na ce masa ban san inda makunninta yake ba, ni makiyayi ne.” Ya juyo gare ta. “Zan iya ƙin bugawa, iyakar ƙarfina ke nan. Gaskiyar abin da ya faru kuwa ba ta cikin kwamfuta, tana can ƙauye.”

* * *

A gida surukarta ta riga ta ji, domin matar Farfesa ta aiko da gaisuwa mai ƙaya. Tsohuwar tana tuƙa tuwon masara, ba ta ɗago ba ta ce, “'Yar nan, ni ban yi boko ba, amma na san ba a jifan rijiyar da ake sha. Mutumin nan shi ya ɗauki Lassina tun yana ɗalibi. Ranar sunan Jeneba rago ya kawo. Yanzu ke ce za ki kwance wa mijinki zani a kasuwa?”

“Inna, ba ni na kwance ba.”

“To wa? Ƙarfe? Ƙarfe yana da miji ne?”

Korotimi ta matsa kusa da murhu. Ta ɗauki muciya ta karɓi tuƙin, tana jin idanunta suna yaji, ta bar wa hayaƙi laifin.

Kwana uku Lassina ba ya cin abincin kirki. Yakan fita da sassafe, ya dawo ya zauna yana kallon bango. Ita kuma ba ta sake tayar da maganar ba. Ta faɗi nata, ta san in ta ƙara, zai zama ita ce ta yanke masa hukunci, kuma duk ranar da wuya ta yi wuya ita zai tuhuma. Amma a ranta ta ƙudura, ko shi bai motsa ba, ba za ta taɓa roƙon Dokta Boly ya sassauta ba.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba ya shigo ɗaki da wata tsohuwar jakar leda, ya zazzage ta a kan gado. Kwafin rajistar ce, shafi-shafi, da rubutun hannunsa. A gefen sunaye talatin da ɗaya, gurbin rana ta bakwai fari fat.

“Na ɗauki kwafi tun kafin in miƙa wa Farfesa ta asali,” ya ce. “Ban san dalili ba a lokacin. Ina jin tsoro ne kawai.” Ya zauna a bakin gadon. “Jiya na rubuta wa mujalla na cire sunana, na faɗi abin da na yi. Gobe zan kai musu wannan. Amma bai ishe ni ba, Koro. Kin tambaye ni inda yaran suke. Tun ranar ba na iya kallon Jeneba.”

“Me kake so ka yi?”

“Abin da na roƙa a bar ni in yi tun farko. In bi su.”

Ta tattara takardun, ta daidaita gefensu a kan cinyarta. “Kai ka san hanya, ni na san cike takarda yadda ba mai ƙaryata ta. Babur ɗin zai ɗauke mu mu biyu.”

* * *

Asabar da Lahadi goma sha ɗaya suka yi suna tafiya. Sukan fara da ɗakin shan magani na kowane ƙauye, su gaida jami'in lafiya, ya haɗa su da mai unguwa. Korotimi ta tsara takarda mai tambaya takwas, kowace uwa a karanta mata da Julanci, yaren yankin, in ta yarda ta dangwala yatsa. Wasu yaran sun same su suna wasa a ƙofar gida, sun warke tun a kwana na huɗu, Lassina ya yi ta dariya kamar an yi masa bushara. Wasu kuwa jikinsu ya tsananta bayan maganin, iyayen suka wuce da su babban asibiti, can aka yi musu ƙarin ruwa da allura. Iyali biyu sun yi ƙaura zuwa gonakin koko a ƙetaren iyaka, sai ta waya aka same su. A gida biyu, tabarma aka shimfiɗa musu aka karɓi ta'aziyyar da ta makara da shekara guda.

A birni kuma abubuwa suna tafiya yadda aka saba. Mujallar ta ƙi buga maƙalar. Farfesa bai yi faɗa ba, ya aika da ita wata mujalla ta intanet da ba ta tambayar komai, cikin kwana tara ta fito, sunan wani ɗalibi a gurbin na Lassina. Aka karɓe makullin ɗakin gwaje-gwaje daga hannun Lassina, aka ba shi 'yan shekarar farko su ɗari huɗu ya koyar. Fayil ɗinsa bai je gaban kwamiti ba. Abokan da suke shan shayi tare suka koma gaishe shi daga nesa, wani ma ya ce masa a bainar jama'a, “Waliyyi, a sa mu a addu'a.” Takardar ƙorafin da ya kai wa hukumar jami'a an karɓa, an buga mata hatimi, an ce ana dubawa.

Dokta Boly ya ce in sun kammala su rubuto abin da suka gano, da sunan kowane ƙauye da kwanan wata, zai buga ko da shi ne bugunsa na ƙarshe a kujerar. “Amma fa sai kun bi ta wajen Kwastan,” ya ce. “Ba ruwanta da baiwata.”

“Shi ne abin da muke so, mai shanu,” Korotimi ta ce.

Surukarta ba ta ce ta yarda ba. Sai dai duk ranar tafiya sukan tarar da dafaffiyar gyaɗa da gorar zoɓo a ɗaure a bayan babur.

* * *

Na talatin da ɗaya sunansa Sibiri, ɗan shekara uku, daga wata 'yar ruga ta manoma a bayan tsauni, inda hanya ta ƙare sai turbar ƙafa. Suka tura babur ɗin cikin gonar auduga har suka isa gida mai ɗaki uku na ƙasa. Wata mata siririya tana fasa ƙwaran kaɗanya a kan dutse. Da ta ga Lassina ta tsaya, ta kare rana da tafin hannu.

“Likitan maganin kwalba ne! Na gane ka. Kai ne ka ba shi alewa don ya buɗe baki.”

Ta kawo musu ruwa, ta goge benci da gefen zaninta. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gona, aka tambayi ruwan bana. Lassina ya buɗe takarda.

“Uwar gida, mun zo ne mu ji labarin Sibiri. Ba ku dawo da shi rana ta bakwai ba.”

“Ai ba mu kai ba,” ta ce. “Na ba shi yadda ka ce, safe da yamma, cokali ɗaya. Rana ta uku zafin ya sauka, har ya ci ɗan kunu. Ta huɗu ya dawo da ƙarfi, yana fizga. Babansa ya ce mu tafi asibiti, na ce a'a, likita ya ce kwana bakwai, mu cika umarni. Ta biyar da rana tsaka ya tafi.” Ta nuna da haɓa wajen wata bishiyar ɗorawa a bayan rumbu. “Na so in zo in faɗa muku, sai na ji kunya. Na ce ko ni ce ban iya ba shi daidai ba.”

Alƙalamin ya tsaya a hannun Lassina. Korotimi ta miƙa hannu za ta karɓa, ya girgiza kai.

“Ba laifinki ba ne,” ya ce wa matar. “Kin yi daidai yadda aka ce miki. Mu ne ya kamata mu zo, ba mu zo ba. Laifin namu ne, ni da waɗanda suka aiko ni.”

Matar ta dube shi kamar ya yi wani yare. “Haba likita, wane laifi? Kwana ne ya ƙare.”

Ya yi mata tambayoyin takwas ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta kowace amsa da baƙaƙe manya, ya karanta mata, ta dangwala yatsa. Korotimi ta sa kwanan wata, ta sa hannu a matsayin shaida. Suka je gindin ɗorawar suka yi addu'a a kan ɗan tudun da ciyawa ta riga ta rufe.

Har sun kama hanya matar ta biyo su da gudu-gudu, riƙe da 'yar ƙwarya da aka rufe da ganye. Ƙwan zabi ne guda bakwai.

“Ku yi haƙuri, ba yawa. Tun da ya rasu ba wanda ya taho daga birni ya ambaci sunansa. Allah ya saka muku.”

Lassina ya buɗe baki zai ƙi, Korotimi ta taɓa masa hannu. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

Da suka fito turba ya tayar da babur, ta hau baya, takardun a ƙirjinta cikin riga, ƙwaryar a kan cinya. Hanyar duk ramuka ce da duwatsu, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Ya riƙa tafiya a hankali, yana kauce wa kowane rami, ita kuma ta rufe ƙwan da tafukanta biyu har suka hau kwalta.